Askar da Maƙeri Ya Ce Ba Za Ta Ci Ba

Kai Sale, ajiye askar nan. Na ce ajiye ta! Tun ɗazu ina kallonka kana karce kan ɗan mutane kamar mai kankare ƙwarya, har kana dariya wai aski ba wani abu ba ne, a jiƙa a kankare. To ku matso dukanku tun da babu mai jiranmu. Zan ba ku labarin aski guda ɗaya, in kun ji sai ku faɗa mini ko sana'ar nan wasa ce.

Ni a hannun ubana na koya, Garba Wanzami, a ƙauyenmu na kusa da Gagarawa, lokacin Nasara bai daɗe da shigowa ƙasar Gumel ba. Kan farko da na aske ba na mutum ba ne, duma ne. Baba zai shafa masa jiƙaƙƙiyar toka ya bari ya sha iska, ya miƙo mini aska ya ce in kwashe tokar kada in bar zane. In ya ga zane ko da kamar silin gashi ne, ba ya faɗa ba ya duka, sai ya sake shafa toka ya tafi abinsa. Na yi damina na yi rani a kan duman nan. Bayan haka sai ɗaukar zabira, jakar fatar da muke zuba asake da ƙahoni da sabulun salo, ina bin sa a baya kasuwar Gumel, kasuwar Maigatari, har Sule Tankarkar. A gindin tsamiya muke shimfiɗa tabarma, mutanen Damagaram su sauke kanwa da gishirin mangul su zo su miƙa mana kawunansu da rairayin hanya a ciki. Irin kan nan shi yake cinye kaifin aska, saboda haka washi aka fara koya mini kafin komai, dutse da ruwa, sannan fata.

Abu biyu Baba ya dasa mini a kai. Na farko, in aska tana kan mutum ba a taɓa hannun wanzami, ba a kiran sunansa, ko gobara aka yi sai ya ɗaga. Na biyun maɗiga, wurin nan mai laushi a tsakiyar kan jariri da kake ganin yana bugawa. Ran suna yakan bar ni in aske gefe da gefe da ƙeya, in an zo maɗiga sai ya karɓi aska. Yakan ce, "Mato, ranar da na miƙa maka aska a kan maɗiga, ranar na yaye ka." Na yi gemu, na yi aure, na haihu, bai miƙa mini ba. Abokaina har tsiya suke yi mini, wai ga babban wanzami mai aski rabi da rabi. Abin yana cina, ba zan ɓoye muku ba.

A zamanin nan kowane gida da wanzaminsa, gado ne. Kai za ka aske jaririnsu, ka cire masa beli, ka yi masa kaciya, ka yi wa tsofaffinsu ƙaho, in kaka ta yi su aiko maka da dami. Cikin gidajenmu babu wanda ya kai na Bukar Falke, wani Bamange, ɗan ƙabilar Mangawa, mai fatauci da jakuna, sa'an Baba ne kuma abokin wasansa. Mutumin nan da tsirfa! Sai an ɗumama masa ruwa, sai an juya shi ya ba rana baya, kuma ana aski yana zagin askar. Baba yakan ce masa, "Falke, kanka ne kamar gonar da ba a sassabe ba, me aska ta yi maka?" Haka suka tsufa suna wannan faɗa.

Sai shekarar yunwa ta zo. Damina ta ƙi, gero ya bushe a tsaye, mutane suka koma tonon gidan tururuwa da cin 'ya'yan anza na daji. Wa yake ta aski? Gashi ya cika wa kowa kai, dami ko ɗaya bai shigo gidanmu ba. Abin da ake zuwa nema shi ne ƙaho, don jiki yana kumbura ana zaton mataccen jini ne. Na ga wani ya zo da ƙafafu kamar turmi yana roƙon Baba, ga 'yar tsaba a ƙulle a gefen riga zai bayar lada, mu kuma ba mu ɗora tukunya ba tun jiya. Baba ya latsa ƙafar ya ce, "Babu mugun jini a jikinka, bawan Allah, yunwa ce. Koma da tsabarka ka dama ka sha." A shekarar Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Bayan rasuwarta ne muka fara ganin abu a wurin Baba. Da farko ƙanana ne, ya aske rabin kai ya tashi ya ce ya gama, ko ya je gidan da aka yi suna bara ya ce a fito da jariri. Sannan ya fara cewa ana sace masa aska, alhali tana hannunsa. Mutumin da ban taɓa jin ashar a bakinsa ba ya koma yana ɗura wa matan unguwa zagin da in ka ji sai ka toshe kunne. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce abokan sana'a ne suka yi masa sammu. Mun sha yawo, rubutu, turare, saiwoyi, babu abin da ba a gwada ba. Wani tsohon malami a Gumel ne ya dube shi ya ce mana gaskiya, gigin tsufa ne, ba shi da magani sai haƙuri.

Haƙurin kuwa ba ni na yi shi ba. Ni da safe nake rataya zabira in bi gidaje, don in ban fita ba babu abin da za a ci. Matata tana tsoronsa, ga goyo. Yayata Tabawa ce ta baro ɗakin mijinta a Ɗanzomo, ta ce za ta yi kwana biyu ta ga yadda jikin zai yi. Kwana biyun nan ba su ƙare ba.

Ku da kuke ganin jinya ba aiki ba ce, bari in faɗa muku ranar Tabawa. Ta tashi ta wanke shi ta wanke shimfiɗa, don ya daina sanin hanyar bayan gida. Ta dama kunu, ya ture ya ce ta sa masa guba, sai ta kurɓa a gabansa sannan ya karɓa. Yana ajiye ƙwarya zai fita ƙofar gida ya tare masu wucewa ya ce tun shekaranjiya ba a ba shi komai ba. Har magana ta zaga gari wai Tabawa tana horon ubanta da yunwa, ranar da ta ji wannan ta yi kuka kamar ranta zai fita. In la'asar ta yi kuwa abin ya tashi ke nan. Sai ya miƙe ya ce zai tafi gida, Hajara tana jiransa, Hajara ita ce Innarmu. Ka ce masa ta rasu, ya zauna ya yi kukan mutuwa sabo fil, gobe ma haka. Tabawa ce ta gano a daina faɗa masa. Sai ta yafa mayafi ta ce, "Mu je in raka ka, Baba," su zaga bayan gari ta wajen rijiya su dawo ta ɗaya ƙofar, ta ce, "To ga gida mun iso." Barci kuwa rabi da rabi take yi, da igiya ɗaure daga ƙafarta zuwa asabarin ɗakinsa, don in ya ɗaga ta ji. Mijinta ya aiko, ya sake aikowa, daga baya ya aiko da saki. Ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta koma kan wankinta. Ni kuwa tausayinta ya hana ni cin tuwo a ranar.

Ana nan wata rana Baba ya zare aska ya bi wata Bafillatana mai tallan nono a baya, wai zai yi mata tsaga. Tabawa ta riƙe zabirar, ya fizge, askar ta tsarge mata tafin hannu. Da yamma ƙanen Baba, Baffa Ilu, wanda shi ne babba a gidan a lokacin, ya shigo da mari daga maƙera, ƙarfen nan da ake sa wa mahaukata a ƙafa. Ya rataye shi a turken zaure.

Tabawa ta durƙusa da hannu a naɗe ta ce, "Baffa, don Allah don Annabi. Ni ya yanka, ni kuma na yafe."

Baffa ya ce, "Ke kin yafe, 'yar nan. In ɗan wani ne fa? Yayana ne, ciki ɗaya muka fito, kina zaton daɗi nake ji? Ku kwashe asaken nan. Ranar da ya sake fitar wa wani jini, ko ɗigo ne, da hannuna zan sa masa."

Kada ku zagi Baffa, gaskiyarsa ce. Amma ni na taɓa ganin wanda aka sa wa mari a wani ƙauye, ƙafa ta zama gyambo, yana kuka kamar akuya. Duk shigar da zan yi zaure sai idona ya kai kan ƙarfen nan gabana ya faɗi.

Muka ɓoye asaken, abin ya ƙara lalacewa. Baba ya ƙi ci, ya ƙi zama, yana tone ƙasan ɗaki da farce yana neman kayansa, yana ce wa Tabawa ɓarauniya. Ita ce dai ta sake kawo dabara. Ta ce in je wurin maƙeri a ƙera aska irin tasa sak, da ƙota da komai, amma a bar bakinta da kauri. Maƙerin ya ƙera ta da baƙin ƙarfe mai taushi, ya goga ta a wuyansa a gabana yana dariya ya ce, "Wannan ko tuwo ba za ta yanka ba, Mato. Ba za ta taɓa ci ba." Muka sa ta a tsohuwar zabira tare da dutsen washi da fata, aka miƙa wa Baba. Ya rungume zabirar nan kamar jariri, ranar ya ci tuwo har da neman ƙari.

Sai kuma ya ce ina masu aski. Nan Bukar Falke ya yi abin da ba zan manta masa ba. Ya tara tsofaffin unguwa ya ce kowa ya riƙa zuwa. Ni nake fara bin su gida in aske su tas, sannan su zo ƙofar gidanmu su zauna gaban Baba, ya jiƙa kan da babu gashi ya bi shi da askarsa. Falke yana zaune yana zagin aska kamar da, Baba yana ce masa gonar da ba a sassabe ba, alhali sunansa ma ya ɓace masa. In babu kowa sai Baba ya zauna a inuwa da dutse da ruwa, shuu, shuu, tun hantsi har azahar. Daɗi muke ji! Tabawa takan ce muddin tana jin ƙarar dutsen nan ta san inda yake, sai ta samu ta yi daka, wani lokaci har ta ɗan runtsa. Rani ya wuce, damina ta wuce, yana ta washi. Wata rana Falke ya shafa kansa ya ce mini, "Kai Mato, hannun tsohon nan har yanzu ya fi naka daɗi, in ya bi sai in ji kan ya ƙara santsi." Na yi dariya na wuce. Gidan wanzamai guda, babu wanda ya ce bari in taɓa bakin askar nan.

To ga askin da na ce zan ba ku labari. An yi wa Falke jika namiji, ran suna na tafi da hantsi bayan an raɗa suna an watse, saura 'yan uwa da dattawa a zaure, Baffa Ilu yana cikinsu. Na shimfiɗa tabarma ke nan ina haɗa kumfa, sai ga Baba da zabira a kafaɗa, Tabawa tana biye da shi tana haki, ya faki idonta tana shanya. Bai ko dube ni ba. Ya zauna a kan tabarmata ya naɗe hannun riga ya ce, "A fito da yaro."

Na buɗe baki zan yi magana, Falke ya daƙile ni da hannu ya ce a hankali, "Bar shi. Shi ya aske uban yaron nan. Ai askar banza ce, ya ɗan shafa don albarka, kai sai ka yi na gaskiya." Kowa ya gyaɗa kai, har Baffa ya yi murmushi. Ungozoma ta fito da jariri ta zauna ta ɗora shi a cinya. Baba ya jiƙa kan, ya yi bisimilla, ya ɗora aska a gefen kunne ya ja.

Gashi ya zubo. Baƙin gashi mai laushi, a kan zanen ungozoma, inda askar ta bi kuwa fata fes tana sheƙi.

Innalillahi! Wallahi ji na yi kamar an kwara mini ruwan randa. Ƙarfen da aka ce ko tuwo ba zai yanka ba, tsohon nan ya cinye kaurinsa a kan dutse har ya fitar masa da baki. Ya manta sunan 'ya'yansa amma hannunsa bai manta washi ba. Uban jaririn ya yunƙura, Falke ya danne masa gwiwa. Baffa ya ɗaga hannu zai kama kafaɗar Baba, na girgiza masa kai kamar wuyana zai cire. In aka taɓa shi ko aka kira shi ya firgita, askar nan a kan ɗan mutane za ta sauka. Ɗigo ɗaya ya isa, ga jariri, ga mari yana jira a zaurenmu. Ungozoma ta ƙame, hawaye yana bin kumatunta, ba ta ko motsa cinya ba.

Tabawa ce ta motsa. Ta tako a hankali ta gaba inda zai gan ta, ta durƙusa ta ɗauki ƙoƙon ruwa ta riƙe masa daidai hannun hagu. Ya tsoma yatsu ya ce, "Yauwa Hajara, riƙe da kyau." Ta ce, "Na riƙe." Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ya bi gefen dama, ya juya kan da yatsu uku ya bi na hagu, ya tallafo ƙeya ya share ta. Jaririn ma bai farka ba. Ban taɓa ganin aski mai kyau irin wannan ba, kuma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Saura maɗiga. Ɗan gashi a tsakiyar kai, yana ɗagawa yana sauka. Baba ya kai aska har ta kusa taɓawa, sai ya tsaya. Ya dubi hannunsa kamar na wani ne, ya dubi kan yaron, ya daɗe. Sannan ya ɗago yana bin fuskokin mutane har ya zo kaina, ya ga zabira a gefena.

Ya ce, "Kai saurayi, wanzami ne kai?"

Na ce, "Wanzami ne, Baba."

"Wa ya koya maka?"

"Garba Wanzami."

Ya ce, "Na san shi. Ba ya sakin yaro sai ya iya." Ya juya askar ya miƙo mini ta ƙota. "Zo ka ƙarasa."

Na sha aske maɗiga tun da ya kwanta ciwo, amma don dole nake yi, kamar mai noma gonar da ba a ba shi ba. Ranar na durƙusa na karɓa da hannu biyu, na share idona da kafaɗa don ina bukatar gani, na aske maɗigar nan. Babu ɗigo ko ɗaya. Baba ya leƙo ya duba ya ce, "Ba laifi." Sai ya juya wajen Tabawa ya ce yunwa yake ji, tun shekaranjiya ba a ba shi komai ba. Falke ya fashe da dariya yana share hawaye, ya ce a kawo wa Wanzami waina.

Da muka koma gida Baffa ya tsaya a zaure yana kallon marin nan. Ya ce, "Allah ne ya tsare, ba dabararku ba." Tabawa ta ce, "Haka ne, Baffa. Amma jini bai fita ba, kuma da hannunsa ya ba da askar." Baffa ya sauke ƙarfen ya tafi da shi maƙera, aka mai da shi fartanya. Baba kuwa bai sake tambayar aska ba. Dutsen kawai yake nema, Tabawa ta ba shi guntun muciya yana gogawa, in ya cinye ta ba shi wani.

Kada ku zaci daga nan aka huta. Mutane suna son labarin ranar sunan, har yau ana ba da shi a Gagarawa, amma babu mai ba da labarin shekarun da suka biyo baya. Baba ya daina tafiya, ya daina magana, sai an ɗaga shi an juya shi an ɗura masa kunu da ludayi. Tabawa ce duk. Da ya cika tana riƙe da kansa, gashinta ya yi fari, ba ta sake aure ba. In kun ga ina aske tsohon da ya rikice, ina zuwa masa ta gaba, ina amsa duk sunan da ya kira ni da shi, ba na musa masa, to wannan ba Baba ne ya koya mini ba, ita ce.

Ga askar nan a zabirata, Sale, taɓa bakinta da babban yatsa. A hankali, ja'iri! Daga yau duk ƙarfen da ya shigo hannunka ka taɓa shi da kanka, ko wa ya ce maka ba ya ci. Gobe kuma duma za ka koma, na sa an ajiye maka toka.

To ku tattara tabarmar nan ku ba ni hanya, inuwa ta juya. Tsohuwar da kuke gani a ƙofar gidana tana tsinke zaren zanenta, wadda jiya ta zage ku kuna dariya, ita ce Tabawa. Yanzu la'asar za ta yi ta tashi ta ce Baba ya fita ba ta gan shi ba, kada Baffa ya riga ta samunsa. Ni nake zuwa in tsaya mata a bakin zaure da zabira a kafaɗa. Sai ta kama hannuna ta ce, "Mu je in raka ka, Baba," mu zaga ta wajen rijiya mu dawo gida.